Wai sai ka je inda ba a san ka ba sannan rayuwa za ta gyaru?

Maman Biyu: Salam 'yan uwa, shawara nake nema. Aurena ya mutu, jarina ma ya karye, ina so in bar garin nan da yarana, ɗaya shekara 7 ɗaya 10. Yayana ya dage wai in tafi inda babu wanda ya san ni, wai duk inda akwai dangi labarina zai riga ni sauka. Ni kuma zuciyata ta fi kwantawa da garin da ƙanwar mamana take.

Direban Dare: Wallahi yayanki ya faɗi gaskiya, ni a kaina na gani. Da bashi ya kayar da ni wajen ɗan uwana na koma, ko sati ban yi ba wani maƙwabci ya tare ni a bakin ƙofa yana gyara hula ya ce kai ne wanda aka ƙwace wa mota ko, ranar ko abinci ban iya ci ba. Sai da na ƙara gaba inda ba a san ni ba sannan na samu barci.

Malama: Allah ya sauwaƙe ɗan uwa, amma ban yarda ba. Ku tuna hadisin mutumin da ya kashe rai 100, yana cikin Bukhari da Muslim. Malamin bai ce masa je ka inda ba a san ka ba, cewa ya yi tafi ƙasa kaza akwai mutane masu bautar Allah ka zauna tare da su. Hijirar Madina ma a 622 ba a yi ta ba sai da mutanen garin suka yi mubaya'a sau biyu a Aƙaba, aka kuma fara tura Mus'ab ɗan Umair. Su waye za su tarbe ki a can, wannan nake so ki duba.

Ɗalibi: Akwai gwajin da gwamnatin Amurka ta fara a 1994 a birane biyar, ciki har da Chicago da New York, iyalai wajen 4,600 aka yi wa ƙuri'a, wasu aka taimaka musu da kuɗin haya su koma unguwar da talauci bai yi katutu ba. Iyayen dai samunsu bai ƙaru ba, hankalinsu ne ya fi kwanciya. Amma da su Raj Chetty na Harvard suka bi sawun yaran, waɗanda aka ɗauke kafin su kai 13 sun fi takwarorinsu samu da kusan kashi 31 cikin 100 bayan sun girma, waɗanda suka haura 13 kuma ba su amfana ba. Anti naki yaran suna ƙasa da 13, don haka unguwa da makarantar da za su faɗa nan ne maganar take.

Direban Dare: To ai ka goyi bayana kenan, barin wajen ne ya yi musu amfani.

Ɗalibi: A'a yaya, yawancinsu ko birnin ba su bari ba, unguwa kawai suka canza.

Uwar Marayu: Ku maza kuna magana kamar jaka ɗaya za ta rataya ta kama hanya. 'Yar uwa, ƙarfe biyun dare zazzaɓi ya rufe ƙaramin, wa za ki bar wa babban ki ruga asibiti? Ni na yi wannan daren a garin da ban san kowa ba, na goya ɗaya ina jan ɗaya a hannu ina kuka a titi. Tsegumi wata uku ne sun gaji sun koma kan wani.

Direban Dare: Ba kowane tsegumi ne ke mutuwa ba Hajiya, wani har yaran za a riƙa yi wa gori da shi.

Maman Biyu: Abin da nake tsoro kenan wallahi. Na kira innar tawa yanzu, ta ce in zo in yi sati biyu in ga makarantun da idona, in tambayi aiki, kar in kwashe kaya tukunna. Yayana dai har yanzu bai sauko ba.