Dasashin Baba ya kumbura tun da aka canza masa maganin hawan jini

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Mahaifina ne, shekararsa 67, yana fama da hawan jini da ciwon zuciya. Bayan ƙaramar sallah likita ya ɗora shi a kan amlodipine 10mg kullum, ga ƙaramin asfirin da ya daɗe yana sha. Jinin ya sauka, alhamdulillahi, amma yau wata uku ke nan dasashinsa ya yi tudu, nama na leƙowa ta tsakanin haƙoran gaba. In ya sa asuwaki wajen alwala, jini yake tofarwa. Jiya tsire aka kawo masa, ya kalla ya tura wa jikoki. Ya ce maganin ne, ya rantse daga gobe ya daina sha. Da gaske magani na yin haka?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ku dafa bagaruwa da kanumfari ya riƙa kurkure baki, zafi ne kawai.

Maman Ummi: Baban Sadik, da zafi ne da sauƙi. Ƙanwata, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma Baba ya canka daidai. Amlodipine da ɗan'uwansa nifedipine suna sa naman dasashi ya yi ta tsirowa a jikin wasu mutane, nifedipine ma ya fi yin haka. Yakan fara ne cikin watanni uku na farko, daga tsakanin haƙoran gaba, kamar yadda kika kwatanta. Haka phenytoin na masu farfaɗiya yake yi, da cyclosporine na waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Shi kuma asfirin ba ya kumbura dasashi, jini yake hanawa daskarewa da wuri, shi ya sa ɗan gogar asuwaki ke jawo zubar jini.

Amma ki roƙe shi don girman Allah kar ya ajiye maganin da kansa. Jinin zai iya haurawa ba tare da ya ji komai ba, sai dai a ga shanyewar ɓarin jiki. Ku koma wajen likitan da ya rubuta, ya buɗe baki ya nuna masa. Akwai irin su lisinopril da losartan da ba a san su da wannan matsalar ba, amma likita ne zai duba zuciyarsa da ƙodarsa ya zaɓa, ba mai kemis ba.

Kawu na Sabon Gari: Ni ganau ne. Shekara biyu ina shan nifedipine, har kunyar dariya nake ji a majalisa. Da aka canza min, aka kuma yi min wankin haƙori a asibiti, a hankali cikin 'yan watanni naman ya koma. Abin da likitan haƙori ya nanata min: kuskure ne mutum ya daina goge baki don tsoron jini. Datti ne ke taruwa a ƙarƙashin naman, shi ke ƙara hura wutar kumburin. Ku saya masa buroshi mai taushi, safe da dare, ya bi a hankali.

Maman Ummi: Haka ne Kawu. In an rubuta masa chlorhexidine na kurkure baki, kar ya wuce kwanakin da aka ce, yana rina haƙori. Ku faɗa wa likitan haƙorin yana shan asfirin kafin a taɓa shi, a kuma auna masa suga. In naman ya ƙi komawa, ana iya rage shi da ƙaramar tiyata.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba, ya ce ai dama ya faɗa mana maganin ne muka ƙi yarda. Ya dai sha na yau a gabana. Ranar Litinin yayana zai kai shi asibiti.