Rajista ko gurbi? Neman sunan register da Hausa

Jiya a shagonmu na Farm Centre ina nuna wa yarona yadda ake saita W5500, cip ɗin intanet na kamfanin WIZnet da ake haɗawa da Arduino, ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa shiri. Na ce masa ya buɗe rajista. Ya ce, "Oga, wace rajistar? Ta kiran suna?" Yaron bai yi laifi ba. A kunnen Bahaushe rajista littafin malamin aji ne, ko layin katin zaɓe.

Wani maƙwabcinmu ya ce a kira shi ma'ajiya. Ban yarda ba. Ma'ajiya ta fi dacewa da wurin da saƙonni ke jira, wanda a W5500 kilobait 32 ne, rabi na fita, rabi na shiga. Shi kuwa register ɗan wuri ne mai lamba a cikin cip, kuma kowanne da aikin da aka yanka masa. Daga 0x0001 zuwa 0x0004 adireshin getwe ne, wato ƙofar fita zuwa intanet. Daga 0x0009, bait shida, lambar MAC, wato lambar shaidar na'ura. Daga 0x000F, bait huɗu, IP, wato adireshin na'ura a intanet. Ka zuba IP a wurin MAC, cip ba zai ce maka uffan ba, sai dai ka kwana kana zargin kebul.

Ni dai gurbi na zaɓa, jam'i gurabe.

Abin da ya ƙara zaunar min da kalmar shi ne Sn_CR, inda ake ba soket, wato hanyar sadarwa guda ta cip, umarni. Kana rubuta umarnin, cip ya karɓa, wurin ya koma sifili da kansa. Tamkar gurbin kaza: ta saka, an ɗauke, ka leƙa ka tarar wayam.

Sai tsarinsu. A W5500 akwai gurabe na kowa da kowa, sannan soket takwas kowanne da nasa. Waɗannan na kira su gida, irin na Kantin Kwari: ka faɗi gida, sannan lambar shago. ENC28J60, cip ɗin intanet na kamfanin Microchip, kuma layi huɗu gare shi, kowanne adireshi 32. Sai ka fara sauya layi ta gurbin ECON1, in ba haka ba ka rubuta a shagon wani. Gurabe biyar na ƙarshe ne kawai za ka samu ko a wane layi kake.

Maƙwabcin nan har yanzu yana kan bakansa, wai gurbi na aikin gwamnati ne. Yaron dai da na ce ya karanto gurbi 0x0039, mai lambar samfurin cip, bai tambaye ni komai ba, ya dawo ya ce 0x04.