Kwamfuta ta daina ganin na'urar faifai: abin da 'yan zaure suka ce

Malamin Islamiyya, Argungu: Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, ina neman shawararku a kan wata matsala da ta hana ni sakat tun makon jiya. Kwamfutar tebur ce ta makarantarmu, mai Windows 10, kuma na'urar karanta faifai da ke jikinta ta ɓace ɗungurungum daga cikin This PC, alhali da can tana fitowa da harafin E. Idan na danna maɓallinta fitila tana kamawa, tiren yana fitowa, in ɗora faifai ya koma ciki har in ji ƙarar juyawarsa, amma ba abin da ke bayyana a allo. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne akwai faya-fayai 23 na tafsirin mahaifina, Allah ya jiƙansa, waɗanda aka ɗauka a watannin azumi daban-daban, kuma karatun ba ya ko'ina sai a kansu. Na kai ta wani shago, mai shagon bai ko kwance ta ba ya ce sai an canza babban allon cikinta. Raina bai kwanta da maganar ba, shi ya sa na dawo da ita gida.

Mai gyaran kwamfuta, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam, Allah ya jiƙan Baba da rahama. Kun yi daidai da kuka dawo da ita, domin ba a yanke wa kwamfuta hukuncin canza allo kafin a san a wane mataki na'urar ta ɓace. Tunda tire yana fita kuma faifai yana juyawa, wuta tana isa gare ta, wannan mun gama da shi. Abin da ya rage shi ne mu san ko ita kanta kwamfutar tana ganinta tun kafin Windows ta tashi. Ku kashe ta ku sake kunnawa, da zarar tambarin kamfani ya bayyana sai ku yi ta danna maɓallin shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ke zuwa kafin Windows. Maɓallin a HP shi ne F10, a Dell kuma F2, a wasu da yawa na tebur kuma Delete. A can za ku ga jerin abubuwan da ke haɗe da ramukan SATA, wato inda wayoyin ma'ajiya da na na'urar faifai ke shiga a babban allon ciki. Idan sunan na'urar yana cikin jerin, to ƙarfen lafiya lau yake, cutar tana cikin Windows. Idan babu shi, sai a cire kwamfutar daga wuta, a buɗe murfin gefe, a duba wayoyi biyun da ke bayan na'urar: mai faɗin ta wuta ce, siririyar kuma ita ke kai bayanai. Siririyar nan tana yawan sassautawa idan ana ɗaukar kwamfuta a babur, kuma na sha ganin wadda zare ta da sake soka ta kawai ya isa.

Ɗalibi, Aliero: Ina neman afuwar manya, zan ɗan ƙara a kan maganar Yaya. Idan kwamfutar tsohuwa ce sosai, wataƙila ba SATA ba ce, sai a ga waya mai faɗi kamar ɗamara mai ramuka 40. Irin wannan tana da wani ɗan ƙaramin toshi a bayan na'urar da ke nuna wace ce babba wace ce ƙarama idan na'urori biyu suna kan waya guda, kuma idan duka biyun aka saita su a matsayi ɗaya, ɗaya ko dukkansu na iya ɓacewa.

Malamin Islamiyya, Argungu: Na gode ƙwarai. HP ce, kuma na shiga ta F10 kamar yadda aka ce. Na ga suna biyu a jerin, ɗaya na babbar ma'ajiya, ɗayan kuma yana da DVD a cikin rubutunsa. Ashe ke nan tana nan da ranta.

Mai gyaran kwamfuta, Birnin Kebbi: Alhamdu lillahi, maganar canza allo ta faɗi ke nan. Yanzu ku bar Windows ta tashi, ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta devmgmt.msc a ɗan akwatin da zai fito. Ku nemi layin da aka rubuta DVD/CD-ROM drives ku buɗe shi. Idan kun ga alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa a kan sunan na'urar, ku danna shi sau biyu ku faɗa mana lambar da aka rubuta a cikin bayanin. Sannan ina da tambaya guda, Malam: kafin abin ya faru, an saka ko an cire wata manhaja ta kwafar faifai?

Malamin Islamiyya, Argungu: Akwai alamar, kuma lambar da ke rubuce 39 ce. Game da tambayarku kuwa, na tuntuɓi yaron da ke buga mana takardun jarrabawa, ya ce ya goge wasu tsofaffin manhajoji domin wuri ya yi ƙaranci, kuma a cikinsu akwai ta ƙona faifai.

Mai gyaran kwamfuta, Birnin Kebbi: To, mun kama bakin zaren. Irin waɗannan manhajojin idan an saka su, sukan cusa ƙaramin direbansu, wato 'yar manhajar da ke sarrafa na'ura, tsakanin Windows da na'urar, su rubuta sunansa a cikin rajistar Windows, wato kundin da take ajiye saitinta. Idan aka goge manhajar amma sunan ya rage a rajista, duk lokacin da Windows ta tashi sai ta nemi direban ta rasa, daga nan ta ƙi ɗaukar na'urar baki ɗaya. Wannan ne ke yawan jawo lamba 39, haka ma 19 da 31 da 32 da 41. Ku fara da mai sauƙi: ku danna sunan na'urar da maɓallin dama na linzami, ku zaɓi Uninstall device, ku sake kunna kwamfutar domin ta neme ta da kanta. Idan ba ta dawo ba, sai a shiga rajista. Ku danna Windows da R ku rubuta regedit, ku bi ta HKEY_LOCAL_MACHINE zuwa SYSTEM, zuwa CurrentControlSet, zuwa Control, zuwa Class. A nan akwai dogayen lambobi masu kama da juna kamar tagwaye, wanda muke nema shi ne mai farawa da 4D36E965. Ku tabbata 965 ne a ƙarshen wannan gaɓar, domin mai 967 na babbar ma'ajiya ne, kuma taɓa shi na iya hana Windows tashi. Kafin ku goge komai, ku danna shi da maɓallin dama ku zaɓi Export ku ajiye kwafinsa. Sannan ku duba ɓangaren dama, idan kun ga UpperFilters ko LowerFilters ku goge su, su kaɗai, ku rufe ku sake kunnawa. Don Allah Malam, idan wani abu bai yi kama da abin da na bayyana ba, ku tsaya ku ɗauko hotonsa kafin ku ci gaba.

Ma'aikaciyar ofis, Jega: Kafin Malam ya dawo da sakamako, bari in faɗi abin da ya same ni, ko zai amfani masu tafi-da-gidanka. Na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, na yi kwana biyu ina neman dalilin da ya sa ba ta ganin na'urar faifai, sai da ƙanena ya kwance sukurun nan guda ɗaya da ke ƙarƙashinta ya zaro abin, muka tarar roba ce kawai aka toshe gurbin da ita, babu na'ura ko kaɗan. Wasu kuma ana cire na'urar a sa ƙarin ma'ajiya a gurbin, fuskar tana nan yadda take. Daga baya na sayi ta waje mai shiga ta USB, ita ma ta riƙa bayyana tana ɓacewa da zarar faifai ya fara gudu. Ashe wuta ce ba ta isar ta, domin ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, yana ba da 900. Da na mayar da ita shuɗin ramin, na daina bi ta mahaɗin nan mai ramuka da yawa, ba ta sake yankewa ba.

Malamin Islamiyya, Argungu: Allah ya saka muku da alheri. Hanyar farko ba ta yi ba, amma da na goge UpperFilters, shi kaɗai na tarar, na sake kunnawa, sai ga harafin E ya dawo. Wallahi har sai da na yi sujjada. Sai dai kuma wata ta taso: faya-fayan CD suna buɗewa, amma guda 5 da ke kan DVD sai su yi ta juyawa suna tsayawa, daga ƙarshe ta ce in saka faifai.

Dattijo mai ɗaukar bidiyon biki, Yawuri: Ɗana, wannan kuma fagena ne, domin na shafe shekaru ina ƙona faya-fayan biki da na suna. Na'urar DVD haske biyu gare ta a ciki, ɗaya na karanta CD, ɗayan ja na karanta DVD, shi ya sa ɗaya kan raunana ɗayan yana aiki. Rubutun DVD ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, tunda faifai mai girma ɗaya ne amma CD megabait 700 yake ɗauka, DVD kuwa gigabait 4.7, don haka 'yar ƙurar da CD zai jure ita ce za ta makantar da DVD. Ƙurar hunturunmu kuwa ba inda ba ta shiga. A cire na'urar, a kwance murfinta, za a ga wani ɗan gilashi kamar ƙwayar gero a kan keken da ke kai da komo. A jiƙa audugar goge kunne da ɗigon sifirit mai tsabta, irin wanda masu gyaran waya ke amfani da shi, a shafa a hankali ba tare da dannawa ba, domin gilashin a kan siraran wayoyi yake lilo. A bari ya bushe kafin a haɗa wuta, kuma kada a kunna ta a buɗe ana leƙa hasken. Su ma faya-fayan a goge su da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, saboda ƙarzanen da ya bi zagayen rubutu ya fi ɓarna.

Amma abin da na fi so ka ji shi ne, kada ka tsaya murna da dawowar harafi. Faifan da aka ƙona a gida rini ne a cikinsa, zafi da rana suna cin sa a hankali, kuma ni da kaina na rasa bidiyon auren 'yata ta fari a cikin akwatin da na ɗauka ajiya ce mai kyau. Ka kwashe karatun nan yau, kafin gobe.

Ɗalibi, Aliero: Baba ya yi gaskiya, kuma akwai tarko a wurin kwafar. Idan Malam ya buɗe CD ya ga fayiloli masu suna Track01 da Track02 masu ƙarewa da cda, kowanne kilobait 1, to ba sautin ba ne, alama ce kawai, kuma duk wanda ya kwafe su zuwa filasha iska ya ɗauka. Irin wannan faifan sai an buɗe Windows Media Player an zaɓi Rip CD, bayan an saita shi ya fitar da MP3. Idan kuwa fayilolin MP3 ne tun asali, kwafa ta yau da kullum ta wadatar. Na DVD kuma, Windows 10 ba ta zuwa da abin kunna bidiyon DVD, don haka a saka VLC, kyauta ce, a kuma kwafi jakar VIDEO_TS gaba ɗayanta.

Malamin Islamiyya, Argungu: Na dawo bayan kwana biyu. Mun goge gilashin, audugar ta fito ja-ja-jir da ƙura. CD 18 duka na fitar da su zuwa MP3, kuma lallai irin masu cda ɗin ne, ba don an gargaɗe ni ba da na yi aikin banza. Cikin DVD 5, uku sun kwafu, biyu suna tsayawa a tsakiya. Na ajiye komai a kwamfutar da kuma filasha biyu, ɗaya na ba yayata ta ajiye a gidanta. Jiya bayan isha'i mahaifiyata ta zauna ta saurari muryarsa a cikin Suratu Yusuf har ƙarshe.

Mai gyaran kwamfuta, Birnin Kebbi: Allah ya kai ladan kabarinsa. Biyun da suka rage kada ku ƙara tilasta su a wannan na'urar, kuma kada ku bari kowa ya goge su da man goge baki ko ya manna musu takarda. Faifan da wata na'ura ta kasa, wata kan karanta shi, kuma ina da guda uku a shago na kamfanoni daban-daban, tare da manhajar da ke tsallake wurin da ya lalace ta kwashe sauran. Duk ranar da za ku shigo Birnin Kebbi ku zo da su, kowanne a cikin gidansa na roba, ku sa su a jaka, kada a ɗora su a gaban mota inda rana ke bugawa.