Clicker da Hausa: kilika, usur ko 'yar ƙyas?

1/ Jama'a, suna ake nema. Akwai wani ɗan abu da masu horar da karnuka a Amurka da Turai ke kira clicker. Ɗan akwatin roba ne kamar kwalin ashana, da fallen ƙarfe a ciki. Ka danna da babban yatsa, ya yi ƙyas. Ba batir, ba waya. Iyakarsa ke nan.

2/ Sai an ga aikinsa kafin a raɗa masa suna. Da farko a ƙyasta, a miƙa wa kare ɗan yankan nama, a yi ta maimaitawa har ya gane duk inda ƙarar nan ta fito nama na tafe. To daga nan ake fara koyarwa. An ce ya zauna: daidai lokacin da gindinsa ya taɓa ƙasa ake ƙyastawa, nama ya biyo baya. In hannunka ya yi nauyi har ya miƙe sannan ka danna, miƙewa ka koya masa.

3/ Don haka wani Malam da ya ce a kira shi "abin kiran kare", Allah ya gafarta Malam, ba kira ba ne, ba umarni ba ne. Bayan aikin yake zuwa. Cewa yake: wannan da ka yi yanzu, shi ake so, ga naka nan tafe.

4/ Usur fa? Yana da hujja. Karen Pryor, wadda ta yaɗa hanyar nan tsakanin masu karnuka (sunanta ke nan, ba karen wani Pryor ba), da usur ta horar da dabbobin ruwan nan dolfin a Hawaii a shekarun 1960. Sai dai usur busawa ake yi, wannan kuwa dannawa. Madanni kuma waya da kwamfuta sun riga sun kama.

5/ Kilika zai iya zama, yadda birki da sitiyari suka zauna. Amma harshe ya ɗan goce a ce kilaki a gaban surukai, wa zai wanke ka?

6/ Ni 'yar ƙyas na zaɓa. Ƙarar ce sunan, kuma ta zo da aikatau nata: ƙyasta masa, na ƙyasta, kada ka ƙyasta ba nama a hannu.

7/ Inda gizo ke saƙar shi ne positive reinforcement, sunan Turanci na wannan salon koyarwa, kalmar da ta fito daga binciken masanin halayya B.F. Skinner, wanda tun 1951 ya yi rubutu a mujallar Scientific American kan koyar da dabba da ɗan abin wasan yara mai ƙara. Masu cewa "ƙarfafawa mai kyau" sun kauce, don positive a nan ƙari yake nufi: ka ba dabba wani abu bayan ta yi hali, halin ya yawaita. Ita kanta kalmar horo goshi biyu gare ta, koyarwa ce, hukunci ne. In ka ce za ka hori kare, rabin masu jinka bulala za su hango. Dole a jingina mata abin da zai kore bulalar.

8/ Wasu sun kawo lada a matsayin fassarar. Lada na da nauyi, kuma sau da yawa jiransa ake yi. Tukuici kuwa ɗan kaɗan ne, hannu da hannu, nan take ake ba wanda ya kawo saƙo. Horon tukuici ke nan, 'yar ƙyas ce ke sanar da shi.

9/ Roƙo ɗaya: kada a liƙa "kare" a sunan. A Morogoro ta Tanzaniya, ƙungiyar APOPO da 'yar ƙyas take koya wa gafiya shinshino nakiyoyin da aka binne a ƙasa da cutar tarin fuka a majina. Tukuicinsu ayaba ce.