Ina zan riƙa ajiye kayan gyaran gida?

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Salam ƴan uwa, don Allah shawara nake nema. Guduma, filaya, sufana da ƙusoshi duk a cikin tsohon bokitin fenti nake zuba su bayan ƙofa, jiya ƙaramin yarona ya taka ƙusa wallahi hankalina ya tashi. Ina son abin da zai rufe su kuma ya yi kyau a falo, ɗakin ba fili.

Kafinta, Jega:
Allah ya ba shi lafiya Yaya. Ka sa a yi maka benci mai murfi, sama kushin ana zama, ƙasa akwati an raba shi gida uku, dogaye gefe guda, ƙusoshi a gwangwanin madara, sai kwaɗo saboda yara. Baƙo zai zauna a kai bai san me ke ciki ba. Amma a ɗaga ƙafafun daga ƙasa saboda gara.

Wata ƴar Yawuri:
Mu nan kusa da kogi tsatsa ce matsalarmu, da damina maigidana yana shafa musu ɗan baƙin mai kafin ya rufe.

Mai tambaya:
Na gode sosai. Malam kafinta filawud zai yi ko sai katako mai kauri?