Yaya ake tsara takardun sinadarai a ƙaramar masana'antar yogot?

Mai yogot, Kano

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'antar yogot mai ma'aikata tara. Muna wanke tankuna da bututu da soda kostik, mu bi su da asid, daɓe kuma da bilic muke goge shi. Makon jiya wani jami'in dubawa ya nemi takardar bayanin haɗarin kowane sinadari, wadda suke kira SDS, sai na tarar ba ni da komai in ban da rasit ɗin sayayya. Ina ake samun waɗannan takardu, kuma yaya ake ajiye su yadda ba za su zama tarin takardu a durowa ba?

Tsohon mai kula da inganci

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kamfanin da ya haɗa sinadarin shi ne ke rubuta takardar, kuma ta hannun dillalinki za ki same ta. Idan ya kasa kawowa, ki nemi wani dillalin. Takardar tana da sashe 16 bisa tsarin bai-ɗaya na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fara wallafawa a 2003, amma waɗanda za ki riƙa komawa gare su kullum su ne na 4 a kan taimakon gaggawa, na 7 a kan ajiya, na 8 a kan kayan kariya, da na 10 da ke bayyana abin da bai kamata a haɗa shi da shi ba. Wannan na ƙarshe ya shafe ki kai tsaye, domin bilic idan ya haɗu da asid yana fitar da iskar kilorin mai ƙona huhu, ke kuwa kina da duka biyun a rufi ɗaya.

Ki buɗe littafi guda, ki rubuta sunan kowane sinadari, da dillalinsa, da lambar rukunin da kamfani ya haɗa shi a ciki (batch), da ranar da ya shigo, da inda aka ajiye shi. Duk jarkar da ba ta cikin littafin, kada ta kwana a sito.

Mai gidan burodi, Zariya

Abin da Malam ya faɗa daidai ne, sai dai SDS ba ta tabbatar da cewa abin da ke cikin buhu shi ne abin da aka rubuta a jikinsa. Ga duk abin da zai shiga cikin abincin kansa, kamar ɗan tsami ko garin ƙamshi, takardar sakamakon gwaji ta wannan rukunin ake nema, a kuma duba cewa na abinci ne, ba na masana'anta ba. Mutanen Kano ba su manta da 2021 ba, lokacin da jama'a da dama suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan shan kayan sha da aka haɗa da wani gari da aka sayar da sunan ɗan tsami, wanda hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta bayyana cewa wani sinadari ne daban mai guba. Tun daga lokacin ba na karɓar buhun da aka kankare tambarinsa, komai arharsa.

Ma'aikaciyar jinya

Hajiya, yaron da soda ta fantsamar wa a ido ba zai tsaya karanta shafi goma na Turanci ba. Ki taƙaita kowace takarda a shafi ɗaya da Hausa, da ajami ma idan akwai wanda bai iya boko ba, ki liƙa a bakin famfo: a wanke idon da ruwa mai gudu aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti da ainihin takardar a hannu, domin mu ma ita ce ke nuna mana abin da ya taɓa mutum. Ki kuma hana juye sinadari a robar yogot ko ta ruwan sha.

Mai yogot, Kano

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na raba bilic da asid tun yau da safe. Dillalin soda ya turo takardarsa ta WhatsApp, amma sunan kamfanin da ke kanta ya bambanta da na jikin buhun, don haka na ce ya sake nemo wadda ta dace kafin in biya shi cikon kuɗinsa.