Birkin dram a ƙafafun baya: aibi ne ko kuwa?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin sayen Toyota Corolla ta 2006, sai na ga birkin bayanta na dram ne (kwanon ƙarfe da birki yake dannawa daga ciki), ba na faifai ba (farantin ƙarfe da birki yake matsewa ta gefe biyu). Shin wannan ragi ne da zai sa in fasa sayenta?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka fasa. Idan aka taka birki, nauyin mota yana komawa gaba, saboda haka ƙafafun gaba ne suke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, shi ya sa ake sa musu faifai. Dram ya wadatar a baya, ya fi araha, lainin cikinsa yana daɗewa, kuma birkin hannu yana kamawa sosai da shi.

Tsohon Direba: Na yarda da maigidana, amma akwai inda dram yake gazawa. Da yake a rufe yake, ba ya saurin fitar da zafi, don haka a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo da ke hanyar Jos, idan mota ta ɗauko kaya direba kuma ya danne birki bai ɗaga ƙafa ba, ƙarfinsa yakan ragu. Faifai kuwa iska tana huce shi. Ni dai a can ƙaramin giya nake sakawa.

Injiniya: Ko Volkswagen ID.4 mai amfani da lantarki dram ne a bayanta, domin injinta ne yake rage yawancin gudun, faifan da ba a yawan takawa kuwa tsatsa yake yi. Kafin ka biya kuɗi, ka sa a buɗe dram ɗin a duba ko man birki yana yoyo.